Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Likita

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ji an mayar da ke sashen yara a asibitinku na Katsina, shi ya sa na ga ya dace in ja hankalinki kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun ina aikin jinya, wato yaran da ake kawowa da rauni alhali a gida aka ji musu shi.

Kullum ki gwada labarin da aka ba ki da raunin da ke gabanki. Jaririn da bai fara rarrafe ba, da wuya ya ji wa kansa ciwo har jini ya kwanta, saboda haka in kin ga haka a kunnensa, ko wuyansa, ko cikinsa, kada ki wadatu da cewa faɗuwa ya yi. Ƙunar ruwan zafi da ta tsaya cak a idon sawu kamar an sa safa, tsoma ƙafar aka yi. Ki lura da shatar bulala, da jinkirin kawo yaro, da labarin da ke sauyawa daga bakin uwa zuwa na uba. Tun 1962 likitan yara Henry Kempe na Amurka ya faɗakar da likitoci kan hoton ƙashi mai nuna sabuwar karaya tare da tsohuwa da ta fara warkewa, domin alama ce ta cin zarafin yaro.

Sai dai kada ki yi gaggawar zargi, domin tsagar wanzami da ƙaho suna barin tabo, sikila tana kumbura hannun yaro da ƙafarsa, tamowa kuma sau da yawa talauci ne ya kawo ta ba sakaci ba.

In zuciyarki ba ta kwanta ba, ki ba yaron gado ko da raunin ƙarami ne, ki tambaye shi a keɓe cikin lallashi, ki rubuta maganarsa yadda ya faɗe ta, sannan ki sanar da babban likita da jami'an walwalar jama'a. In fyaɗe ne, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 ake fara shi. Za a zo miki da roƙon a rufa asiri, wataƙila ma ta bakin mutanen da kike jin nauyinsu, amma kada ki sallami yaron zuwa hannun da ya cuce shi.

Mahaifinki da ƙannenki suna gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifiyarki,
Daura.