Wasiƙa daga Katsina: wace na'ura ce ta fi girma?

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan Katsina lafiya lau, sai hazo da ya sauka, sai hantsi ya dubi ludayi ake ganin rana.

Saƙonka ya iso, har da tambayar da ɗanka ya ƙure ka da ita. Wai ya karanta cewa ATLAS ce mafi girma cikin na'urorin gano ƙananan ƙwayoyin zarra, wani wurin kuma aka ce IceCube ce, to wa ya yi ƙarya? Ka faɗa masa babu wanda ya yi. Kowa da abin da ya auna.

ATLAS tana cibiyar binciken ƙwayoyin zarra ta Turai, CERN, kusa da Janeba, kan iyakar Suwizalan da Faransa, kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Tsawonta mita 46, faɗinta 25, nauyinta tan 7,000. A kan zoben cibiyar mai kilomita 27 da ake gwara ƙwayoyin furoton a cikinsa akwai 'yar'uwarta CMS, su biyun suka tabbatar da ƙwayar Higgs a 2012. Faɗin CMS mita 15 ne kacal, kusan tsayin Hasumiyar Gobarau, amma nauyinta tan 14,000, wato ninkin ATLAS. Dalili kuwa, maganaɗisunta lulluɓe yake da ƙarfe mai kauri. ATLAS kuma yawancin cikinta iska ce tsakanin manyan naɗe-naɗen maganaɗisu guda takwas, har da za a toshe ta ruf a jefa cikin teku, da sai ta yi yawo a saman ruwa. To a jiki ATLAS, a sikeli CMS.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wajen masu farautar nutirino, ƙwayar nan da galibi ke ratsa duniya sukutum ba ta taɓa komai ba, sai can ba a rasa ba ta yi karo da wani abu ta bar ɗan walƙiyar da ake gane ta da shi. Su ba ruwansu da tsawon ƙarfe, yawan abin da aka tara mata a hanya suke ƙirgawa. A Japan, Super-Kamiokande tanki ne na tataccen ruwa tan 50,000, mita 1,000 a cikin dutse. Amma da ka dubi lissafin da suka daɗe suna amfani da shi a bincikensu sai ka ga tan 22,500. Ina sauran? Ruwan ɓangaren waje na tankin gadi yake yi, yana tona asirin baƙin ƙwayoyin da suka kutso daga sama. A na cikin ma an daɗe ana zubar da duk walƙiyar da ta faru ƙasa da mita biyu daga bango, don dutse da gilashin idanun da ke hango walƙiyar suna fitar da nasu tururin da ke rikita sakamako. Ni a wurina wannan tsakiyar da aka amince da ita ce girman gaskiya. Sauran na 'yan jarida ne.

IceCube kuwa ba a gina mata jiki ba sam. Ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya aka huda, aka zura igiyoyi 86 masu ɗauke da idanun hango walƙiya 5,160, daga zurfin mita 1,450 zuwa 2,450, aka gama a 2010. Ƙanƙarar da suka kewaye, kilomita ɗaya tsawo da faɗi da zurfi, ita ake kira girmanta. Na cibiyar Pierre Auger a Ajantina ma, mai gano ƙwayoyin da ke faɗowa daga sararin samaniya, fili ake aunawa, murabba'in kilomita 3,000, alhali tankunan ruwa ne warwatse, kilomita ɗaya da rabi tsakanin kowanne.

Saboda haka in ya sake jin an ce "mafi girma", ya tambaya: a jiki, a nauyi, a fili, ko a ɓangaren da ake ƙirgawa? Ka turo shi hutu, akwai hotunan cikin tankin Japan da zan nuna masa.

A gaida maiɗaki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
amininka na Katsina