Kumburin ƙafar nan ba na jego ba ne

Assalamu alaikum 'yata,

Ya jikin, ya mai sunan Baba? Na rubuto ne saboda a waya ba kya barin in kai ƙarshen magana, daga "lafiya lau Umma" sai ki kashe. Ƙanwarki ta dawo daga Naibawa ta ce ƙafafunki sun kumbura har takalmi ba ya shiga, ba kya iya barci sai kin jingina da filo uku, ga tari cikin dare. Ke kuma kin ce mata gajiyar jego ce, kada ta faɗa mini.

Haka gwaggonki ta riƙa cewa. Kin san sauran.

Akwai ciwon zuciya da ke kama mace daga watan ƙarshe na ciki zuwa wata biyar bayan haihuwa. Naman zuciyar ne yake saki, ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu, shi ne haki da tarin nan idan an kwanta. Abin da ya fi hana ni barci kuwa, jinin da ya daɗe kwance a zuciya yana iya daskarewa, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Yarinya mai goyo, wa zai ɗauki jaririn? Kuma nan Arewa muna cikin inda ya fi yawa a duniya. Binciken da aka yi a asibitocin Kano da Sakkwato ya samu kusan mace ɗaya cikin haihuwa 100.

Na san har yanzu kina jin zafin hana ki kunun kanwa da na yi, dangin mijinki suna cewa boko ya yi mini yawa. Su faɗa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka zargi kanwa da ruwan zafin wankan jego. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka gano ramar jiki, da hawan jinin masu ciki, da ƙarancin wani sinadari seleniyam a jiki suna da hannu a ciki. Ke kuwa jininki ya hau a wata na takwas, abinci ma sai an yi faɗa kike ci. Da me zan kwantar da hankalina?

Abin da ya ɓata mini rai shi ne ɓoyewar. Ni kika mayar baƙuwa? Kunyar kada a ce kin cika raki a gidan miji ta fi miki ranki?

To, ya wuce. Ciwon yana jin magani idan an tare shi da wuri, mata da yawa zuciyarsu tana komawa daidai cikin watanni. A 2024 ma an wallafa wani gwaji da aka yi a asibitocin Najeriya, inda na'urar sauraron ƙirji mai haɗe da kwamfuta ta gano ninki biyu na masu ciwon da awon da aka saba yake ganowa.

Ranar Litinin da sassafe yayanki zai zo da mota. Za mu je a yi miki hoton zuciya, eko suke ce masa. Na riga na yi wa mijinki magana, ya amince. Kafin nan ki rage gishiri da magi, kada ki sha jiƙon kowa. Idan numfashi ya tsananta cikin dare kada ku jira Litinin, ku tafi asibiti ku kira ni a hanya. Ki taho da katin awonki.

Allah Ya ba ki lafiya, Ya raya mana yaron.

Ummanki