Rahoton ƙungiyar iyayen ɗalibai na kwalejinmu, shekarar karatu 2024-2025

Assalamu alaikum Alhazai da Hajiyoyi, iyayen yara. Ga abin da biro, wato shugabannin ƙungiya, ya yi bana, na saka shi nan cikin gurup saboda waɗanda ba su samu zuwa taro ba, don Allah wanda ya karanta ya faɗa ma maƙwabcinshi.

Kun dai san yadda shekarar ta faro. Ruwan ƙarshen Agusta 2024 ya yi ɓarna a Maradi, gidaje sun faɗi, jama'a sunka koma kwana cikin azuzuwa, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal daga 2 ga Oktoba zuwa 28 ga wata. Don haka aikinmu na farko gayya ce, shara da gyaran tabul-ban da sunka karye, kafintocin da ke cikinmu ba su amshi ko dala ba, Allah Ya saka. Masu tuyar awara da ƙosai kuma mun maida su bakin ƙofa nesa da ajin zana, wasu sun ji haushi amma duk wanda ya tuna gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara sama da 20 a garin nan ba zai yi gardama ba.

Inda munka fi zuba ƙarfi shi ne 'yan sizyam, ajin farko na kwaleji, don nan ne yara ke zubewa. Yaro ya fito CM2, ajin ƙarshe na firamare, inda mushe guda ke tare da shi tun safe har tashi, ya san shi ya san ubanshi, sai ya faɗo kwaleji kowane darasi da malaminshi, na faransanci ya fita na lissafi ya shigo ga ingilishi sabo fil, ajin kuma cike maƙil ba wanda zai lura ko yaron ya rubuta ko zane yake yi a kaye. Wanda faransancinshi bai nuna ba tun jarabawar farko zai ga ya kasa kai 10 bisa 20, daga nan sai fashi, sai ka gan shi a tasha ko bayan mai kabu-kabu. Shi ya sa munka buɗe karatun safiyar Asabar, ɗiyanmu da ke jami'ar Dan Dicko Dankoulodo su ke koyarwa, mu dai kuɗin mai muke ba su. Karatu da rubutu kawai ake yi da ɗan lissafi, kuma malamai sun ce sun ga canji ga masu zuwa kullum.

Sai yaran da ke zaune gidan masauki, waɗanda iyayensu ke ƙauye wajen Jiratawa da Safo. Sirbeyan, mai kula da ɗa'ar ɗalibai, shi ne ya ja hankalinmu, ya ce ku zo ƙarfe 10 ku gani. Mun je. Yara na ta rububin fanke, wasu 'yan mata kuwa na zaune gindin bedi sun haɗa kai da gwiwa, ko kunu ba su sha ba, ɗaya tun asuba take ɗibar ruwa da wanke-wanke kafin ta taho. Uwayenmu mata sun bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Gaskiya ba duka masu masauki ke da laifi ba, mutum ya amshi ɗiyar ɗan uwa don zumunci, uban bai aiko ko tiyar hatsi ba, ya za ya yi? Mun yi magana da iyayen, wasu sun fara aikowa ranar kasuwa. Kunun safe da munka fara bai wuce sanyi ba kuɗi sunka ƙare.

Makewayin 'yan mata mun saka mashi ƙofa da sakata, da randa da butoci. Hajiyoyi sun daɗe suna faɗi cewa yarinya in tana al'ada gida take zama duk wata, mu maza ba mu ɗauke shi da muhimmanci ba sai da madam ta nuna mana rajistan fashi. An kuma so a cire wata yarinya 'yar sankiyam, aji na biyu, a yi mata aure, mun je da liman da mai unguwa, mun tuna ma uban dokar 2017 da ta ce a bar yarinya a lakwal har shekara 16, yanzu dai tana aji.

Abin da bai yiwu ba, katanga. Har yanzu awaki da masu babur na ratsa fili. Cin zalin da manyan turwaziyam, ajin ƙarshe, ke yi ma ƙanana wajen famfo lokacin zafi ma bai ƙare ba, mun kai ma darakta, amma iyaye ku ma ku ja kunnen naku a gida.

Lissafin kuɗi ma'aji zai karanta shi da rasit a taro mai zuwa, Asabar ta farko bayan an koma, ranar ne kuma za a sabunta biro. Waɗanda ba su biya kotizasiyon bana ba su zo da ita, masu masauki ma muna gayyatarsu ko da yaran ba nasu ba ne.

Sakataren ƙungiya