Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Kebbi: Argungu Bayan An Watse Bikin Su

Mai girma Gwamna, Dakta Nasir Idris, Kauran Gwandu,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya.

Ranka ya daɗe, ni ɗan manomi ne daga ƙasar Argungu, kuma kukan da na kawo bai wuce ɗaya ba. Duniya ta san mu kwana huɗu a shekara, sauran kwanakin kuwa daga mu sai Allah.

Ba sai na karanta maka tarihin Kabi ba, amma bari in taɓa kaɗan. Tun ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kafa daularsa a Surame, ya ƙi miƙa wuya ga Songhai. Bayan jihadi Kabawa suka tare a Argungu, aka yi ta gwabzawa da Sakkwato shekara da shekaru. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyarar zumunci, aka tarbe shi da bikin kamun kifi a kogin Matan Fada. Wannan sulhu ne ya haifi bikin da UNESCO ta sa cikin al'adun gadon duniya a 2016. Mun gode. Amma masuncin da ya faɗa ruwa da gora da homa ya ɗauko giwan ruwa a gaban baƙi, wa ke tambayar abin da yake kamawa a sauran watanni? Tun da aka datse ruwa a Bakolori da Goronyo, kogin ya sauya hali. Wuraren da kakanninmu ke ninƙaya yanzu yashi ne, yara na buga ƙwallo a kai da rani. Matan Fada na neman yasa ta gaskiya, ba wadda ake yi idan an ji baƙi na tafe ba.

Ƙidayar 2006 ta ce mu dubu 195 da 'yan kai ne a wannan ƙaramar hukuma. Jaririn da aka haifa a shekarar yau da gemunsa, wani ma har ya aje iyali. Na san ƙidaya aikin Abuja ce, sai dai jiha ba za ta rasa yadda za ta ƙirga manoma da masunta mazaɓa mazaɓa ba, daga Gulma zuwa Lailaba da Alwasa, kafin a zo rabon taki.

Shinkafa ita ce uwa ita ce uba a nan. A Kebbi aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015, a 2017 kuma aka buɗe babban kamfanin casar shinkafa a Argungu. A lokacin har ma'aikatan gwamnati sun koma fadama. To, noman rani a wurinmu injin ban ruwa ne, injin kuwa fetur yake sha. Tun da aka cire tallafi a 2023, mai kadada ɗaya sai ya zauna da lissafi: kuɗin mai, kuɗin taki, kuɗin masu dashe, sannan ya kai shanshera kasuwa dillali ya yanka masa farashi. Na san maƙwabta da suka rage gona rabi. 'Ya'yansu sun tafi ci-rani Legas da Abuja, kuma ba duka ke dawowa da damina ba.

Da damina kuma ga ambaliya. Wanda ya ga 2020 bai manta ba, shinkafa ta kusa yanka ruwa ya kwanta a kanta.

Don haka, ranka ya daɗe, a wadata fadamunmu da injin ban ruwa mai aiki da hasken rana, a kan bashi mai sauƙi, kuma a raba ta hannun masu unguwanni da suka san wa ke da gona wa ke da takarda kawai. A samu fahimta da masu kula da madatsun ruwa, su riƙa sanar da mu ta rediyo kwanaki kafin su saki ruwa. Idan kuma hanya ta kawo ka Argungu ba lokacin biki ba, ka ratso fadama da hantsi, za ka same mu a bakin inji.

Naka mai biyayya,
Wani manomi daga ƙasar Argungu