Wasiƙa: Labarin shafi-mulera yana jefa baƙo cikin haɗari a Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu ma'aikatan lafiya ne da malaman makaranta mazauna Agege, Idi-Araba da Mile 12, kuma muna bin shafinku na labaran ban al'ajabi. Ƙorafinmu a kansa guda ɗaya ne: ana kawo labari, a yi mamaki, a ce Allah Ya kyauta, a wuce, ba a dawowa a faɗa wa mai karatu abin da ya haddasa shi ko yadda aka ƙare. A Legas kuwa, duk lokacin da irin wannan labari ya zaga gari, wanda ake fara cin kwalarsa shi ne baƙon da ba ya jin Yarabanci, Turancin burokarsa ma bai kai ya kare kansa ba. Mai ruwa da kurarsa ne, ko ɗan bola-jari, ko mai gyaran takalmi, ko mai yankan farce, ko yaron da ke yawo da tiren dabino. Sana'arsu ce take sa su gogi jikin mutane a cikin cunkoso, kuma gugar jiki ita ce mafarin zargin da ya fi tayar mana da hankali, wato shafi-mulera, zargin cewa wani ya shafi jikin namiji ya sace masa mazakuta.

Maganar satar mazakuta tsohuwa ce. Likitan ƙwaƙwalwa Sunday Ilechukwu ya rubuta a kan irin wannan firgici da ake yi a Nijeriya tun daga shekarun 1970, har da wanda ya ɓarke a nan Legas a 1990, lokacin da maza ke tafiya a titi hannu cikin aljihu suna riƙe da gabansu. A 1997 ya ɓulla a Gana, aka kashe mutane a kansa. A 2023 ya dawo Abuja da wasu jihohi, kuma bayan an kai masu ƙorafin asibiti an duba su, 'yan sanda suka gurfanar da da yawansu a kotu bisa ba da bayanin ƙarya. Abin bai tsaya ga Afirka ba: a 1967 ɗaruruwan maza a Singafo sun ruga asibiti suna cewa gabansu na shigewa ciki, bayan jita-jita a kan naman dabbobin da aka yi wa allurar rigakafi. Da likitoci suka fito suka yi bayani a rediyo da talabijin, cikin 'yan kwanaki abin ya lafa.

Bayanin da ya kamata ku riƙa haɗawa da labarin shi ne wannan. Al'aurar namiji tana da saiwa a cikin jiki, a ɗaure take da ƙashin mara, babu hanyar da za ta bi ta shige ciki ko ta fita ba tare da yanka da jini ba. Amma girmanta yana sauyawa a yini, domin ya dogara ne da yawan jinin da ke cikinta. Idan mutum ya ji sanyi ko ya tsorata, jiki yana matse ƙananan hanyoyin jini ya tura jinin zuwa zuciya da manyan gaɓoɓi, fatar maraina ta tattare, 'ya'yan maraina su haura sama. Wanda ya kwana uku yana jin labarin shafi-mulera a WhatsApp, sai wani ya bangaje shi a tashar Oshodi, ya razana, ya kai hannu ya shafa ta kan wando. Zai ji abin ya ragu, kuma da gaske ya ragu, tsoron ne ya rage shi. Daga nan sai ihu, ihun ya ƙara masa tsoro, tsoron ya ƙara tsuke shi. Shi ya sa ba ma cewa duk mai ƙorafi maƙaryaci ne. Da yawansu sun yi imani da abin da suke faɗa. Akwai kuma masu ƙiba da kitsen mara ke rufe wa gaba, da masu gwaiwa ko ƙaba, waɗanda kumburin ke haɗiye musu shi a hankali ba su lura ba sai ranar da aka tsorata su. Akwai ɓarayi ma, masu tayar da yamutsin da gangan domin abokansu su yanki aljihu.

Inda aka fi tafka ɓarna shi ne wurin abin da taron ke kira gwaji. Idan an duba an ga komai yana nan, sai mai ƙorafi ya ce ai an mayar masa amma ba ya aiki, taro ya ce to a gwada. Namijin da ke tsaye tsakiyar mutane hamsin, zuciyarsa na bugawa, ba zai taɓa samun ƙarfin gaba ba, domin jijiyoyin da ke aiki lokacin tsoro su ne suke hana shi. Gwajin dole ya faɗi, faɗuwarsa kuma ita ake ɗauka hujjar kawo taya da fetur. Raunin gaba na gaskiya yana da sanannun dalilai: ciwon suga, hawan jini da wasu magungunansa, shan taramol, damuwa. A asibiti ake gano su, da awon jini da tambayoyi. Ko wanda ya yi imani cewa sihiri na iya yin haka, muna roƙonsa ya yarda da abu ɗaya: dubawa ba ta cin minti biyar, ran da aka kashe kuwa ba ya dawowa.

Ga abin da muke so ku riƙa faɗa wa 'yan uwanmu. Wanda aka zarga kada ya gudu, domin a titin Legas mai gudu ana bin sa da ihun "ole", wato ɓarawo da Yarabanci, kuma waɗanda ke gaba ba su san abin da ya faru a baya ba. Ya ajiye kayansa, ya ɗaga hannuwa a ga babu komai, ya matsa ya shiga wuri mai ƙofa da mai shi, kamar shago, masallaci, coci ko gidan mai, ya yi ta maimaita cewa a kira 'yan sanda. Kada ya yarda a ja shi lungu, kada kuma ya ce zai mayar don a sassauta masa duka, domin wannan kalma ita ce amsa laifi a wurin taro. Waɗanda ke kusa su raba aiki. Ɗaya ya kira 112 ko 767, lambobin gaggawa na Jihar Legas, kyauta ne, ya faɗi sunan titi da tashar mota mafi kusa. Dattijai biyu ko uku, kuma ya fi kyau a samu na unguwar a cikinsu, su janye mai ƙorafin zuwa ɗaki, a zaunar da shi, a ba shi ruwa, a bar shi kamar kwata na awa ya huce, sannan a duba. Janye shi ya fi komai amfani, domin muddin yana ihu a gaban mutane wutar ba za ta mutu ba. A samu mai jin Yarabanci ya tsaya ya yi magana da shugaban tasha ko na kasuwa. Abin da ba ma so shi ne 'yan uwa su taso gayya da sanduna, domin nan take rigimar mutum biyu za ta koma ta ƙabila, kuma mutanen Idi-Araba ba su manta da rikicin 2002 ba, na Mile 12 ba su manta da na 2016 ba.

Idan an isa caji ofis, a nemi a kai mai ƙorafi babban asibitin gwamnati a samo rahoton likita a rubuce. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce wanda ake zargi ba shi da laifi sai kotu ta tabbatar, sashe na 35 kuma ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40. Wanda ba shi da kuɗin lauya, Jihar Legas tana da ofishin da ke kare marasa hali kyauta, ana kiran sa OPD. A sanar da fadar Sarkin Hausawan yankin tun daren farko.

Sauran labaran ma haka suke, kowanne yana da bayanin da bai fi sakin layi ɗaya ba. A watan Yulin 2014 Patrick Sawyer, wani matafiyi daga Laberiya, ya shigo Legas da cutar Ebola, Dakta Stella Adadevoh ta hana shi barin asibiti, ita ma cutar ta yi ajalinta. A farkon Agusta saƙo ya zaga cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka yi ta tashin 'yan uwansu da asuba, aka kwantar da wasu a asibiti, wasu suka rasu. Cutar kanta mutum 8 ta kashe a Nijeriya cikin 20 da suka kamu, kafin a tabbatar da ƙarewarta ranar 20 ga Oktoba. Gishiri ba ya kashe ƙwayar cuta a cikin jini. Idan ya yi yawa yana janyo ruwa daga ƙwayoyin jiki har da na ƙwaƙwalwa, ya kawo ruɗewa da jijjiga, ya kuma haura da jinin mai hawan jini. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba ya ci a yini bai kai giram 5 ba, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Ruwan gishiri da suga na mai gudawa ma rabin ƙaramin cokali ne na gishiri da shida na suga a lita guda. Da wannan awo ya isa kunnen mutane a daren nan, da wasu ba su kwankwaɗi kofi cike ba.

Shinkafar roba kuwa, a Disambar 2016 kwastan a Ikeja suka ce sun kama buhu 102. Da hukumar NAFDAC ta gwada, sai ta ce ba roba ba ce, shinkafa ce da ta gurɓata da ƙwayoyin cuta fiye da ƙima. Labarin kamun ya zaga ƙasa, sakamakon gwajin kuwa kaɗan ne suka ji shi, kuma har yau ana ɗaga wa masu sayar da shinkafa a mudu murya a kansa. Dafaffiyar shinkafa idan an dunƙule ta tana tsalle saboda danƙon sitacin da ke cikinta, wanda duk mai tuƙa tuwon shinkafa ta san shi. Ɗanyarta kuma tana cin wuta kamar kowane busasshen hatsi. Mai shakka ya jiƙa cokali ɗaya na awa guda ya daka a turmi: shinkafa za ta zama gari, roba ba ta shan ruwa, ba ta dakuwa. Ko ya ɗiga aidin na wanke ciwo a kan dafaffiyar, zai ga ta koma shuɗi mai duhu, alamar sitaci ke nan, sai ya zubar da wadda ya gwada.

Jita-jitar lambar waya mai kashe wanda ya amsa kiranta ta zo a 2004, ta sake dawowa a 2011, hukumar sadarwa ta NCC ta ƙaryata. Amsa kira ba ya kisa. Kiran da ke cutarwa shi ne na wanda zai ce daga banki yake, ya nemi lambar BVN ko lambar sirrin da aka turo maka yanzu.

Yawancin waɗannan labarai yanzu da bidiyo suke zuwa, saboda haka muna roƙon ma'aikatanku su riƙa yin abin da ba ya cin minti goma kafin su buga. Saƙon da ke ɗauke da kibiya biyu a WhatsApp ya bi ta hannu biyar ko fiye, wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. A tsayar da bidiyon, a ɗauki hoton allon, a sa shi a manhajar binciken hoto ta Google Lens a ga ko ya taɓa fitowa a wata shekara ko wata ƙasa. A dubi lambar motoci: na Legas suna farawa da haruffa irin su KJA na Ikeja, GGE na Agege, MUS na Mushin, APP na Apapa. A dubi hannun da motoci ke bi, domin Nijeriya dama take bi tun 1972, idan aka ga suna bin hagu to wataƙila Kenya ce ko Yuganda ko Afirka ta Kudu. A saurari harshen da ake yi a bayan fage, a duba ko akwai danfo mai ruwan ɗorawa. Saƙon murya da ya fara da "wani ɗan uwana da ke aiki a asibiti ya ce", ba sunan asibiti, ba rana, a ajiye shi har sai an kira kakakin 'yan sandan jiha ko an duba shafin masu tantance labarai irin su Dubawa. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta riga ta umarce mu da bincike kafin mu afka wa mutane cikin jahilci, kuma ta fi hawa kan wanda dubbai ke karantawa.

Legas ta san abin da rashin bayani ke yi. Ranar 27 ga Janairun 2002 rumbun makamai ya yi ta fashewa a barikin Ikeja. Mutane ba su san mene ne ba, wasu suka ce juyin mulki, wasu suka ce yaƙi, aka yi ta gudu cikin duhu. Fiye da mutum 1,000 suka rasu, yawancinsu ba wuta ce ta ci su ba, sun faɗa ne cikin magudanar Oke-Afa wadda ciyawar ruwa ta rufe har ta yi kama da fili.

Don haka, ranka ya daɗe, kanun labari kada ya ce an sace mazakutar wani a Oshodi. Ya ce an yi zargi, ya kuma faɗi abin da likita ya gani. Kada a ambaci ƙabilar wanda ake zargi ko ta mai zargi idan ba ta da alaƙa da abin da ya faru. A rubuta ranar da aka ɗauki bidiyo da unguwar, idan ba a tabbatar ba kada a saka shi. Duk labarin da kuka buga, ku koma masa bayan kwana biyu ko uku ku gaya mana ko an kai asibiti, ko an shiga kotu, ko an saki mutumin, kuma ku ba wannan bibiyar wuri daidai da wanda kuka ba labarin farko. Sannan ku naɗi bayanin da murya, minti ɗaya ko biyu cikin Hausa mai sauƙi, wanda za a iya turawa a waya, domin da yawa daga masu tura kura da 'yan bola-jari sauraro suke yi, ba karatu ba, kuma limamai da shugabannin zango za su iya kunna shi bayan sallar Isha'i.

Wassalam.

Naku,
Wasu ma'aikatan lafiya da malaman makaranta,
Agege, Idi-Araba da Mile 12, Legas.