Alhaji, Ga Amsar Tambayarka Kan Magana da Farashi

Assalamu alaikum Alhaji,

A shirin rediyon da aka yi kan tsadar rayuwa ka jefo mana tambaya biyu: ta yaya maganar hukuma kaɗai za ta tayar da farashi, kuma me ya sa ake cewa hauhawar farashi ta ragu alhali kwanon masara bai sauka ba?

Ka fi mu sanin cewa ɗan kasuwa a Dawanau, in zai yanka wa buhu kuɗi, ba abin da ya biya jiya yake dubawa ba. Abin da zai biya ya sari wani buhun gobe shi ne a ransa, kuma kunnensa ne ke gaya masa wannan. Ya ji za a ƙara kuɗin mota, sai ya ɗora tun yau, ko ya kulle sito ya jira. Maigida ma da ya ji labarin, maimakon kwano biyu sai ya auni biyar. Kaya sun yi ƙaranci, masu saye sun yi yawa, abin da ake tsoro ya tabbata.

Dubi ranar 29 ga Mayun 2023. Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, bai faɗi ranar farawa ba, bai faɗi sabon farashi ba, alhali kasafin shekarar ya tanadi kuɗin tallafi har ƙarshen Yuni. Kafin gari ya waye gidajen mai da dama sun rufe, layi ya miƙe, 'yan bumburutu sun samu kasuwa. Sai ranar 31 ga wata kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fitar da farashi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa tsakanin 488 da 557. A kwana biyun nan kowa da farashin da ya ƙiyasta wa kansa, kuma mai ƙiyasi cikin fargaba sama yake kaiwa.

Tambayarka ta biyu, a ganinmu laifin masu isar da saƙo ne. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawa ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disambar 2024, sannan 24.48 a Janairun 2025. Galibin wannan tazara daga sauya ma'auni ta fito, domin an mayar da shekarar kwatance daga 2009 zuwa 2024, an kuma sake nauyin da ake bai wa kowane kaya. Ko a kan 24.48 ɗin ma, abin da ka saya naira 1,000 a Janairun 2024 ya koma kusan 1,245 a Janairun 2025. Farashi bai daina hawa ba, saurin hawan ne ya ragu. Wanda ya ji "ta sauka" a labaran safe, ya je kasuwa ya tarar da ƙari, ba zai sake gaskata alƙaluman ba, sai ya koma ga saƙon murya na WhatsApp. Wannan asara ce ga Babban Banki, tunda ƙara kuɗin ruwa da ya yi har zuwa kashi 27.5 a Nuwamban 2024 ya fi tasiri idan jama'a sun yarda tsadar za ta lafa.

Don haka duk sanarwar da ka ji, Alhaji, nemi abu uku a cikinta kafin ka taɓa farashinka: ranar farawa, adadin ƙarin a naira, da watan da ake kwatantawa da shi. In babu su, buga waya ga direban da ke ɗauko maka kaya ka ji ko kuɗin lodi ya canza.

Wassalam.