Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Muka Bi Sawun Faifai Mai Kare

Assalamu alaikum, shugaba, iyayen ƙungiya, da sauran 'yan'uwa mambobi.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ta masu tara tsofaffin faya-fayan garmaho ya tanada, ga rahoton abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana wajen ma'aji, shi zai karanta shi da bakinsa ranar babban taro. Ni ayyuka ne a hannuna.

Za ku tuna a taron bara an yi ta ja-in-ja kan abin da za a sa gaba. Wasu sun so a ci gaba da zaman sauraro yadda aka saba, a ɗora faifai, a sha shayi, a watse. Wasu suka ce a ɗauki kamfani guda a bi tarihinsa daga tushe. Da aka zube abin da ke akwatunanmu a kan tabarma gardamar ta mutu da kanta, domin duk inda ka kai hannu, ko dai ka ɗauko faifai mai hoton kare ya kara kunne a bakin garmaho, ko mai harufan EMI. Kamfanin faya-fayai na EMI ɗin, wanda kuma shi ne mai tambarin karen, shi muka ɗauka, kuma shi ya cinye mana kusan dukkan zaman wata-wata na bana.

Zaman farko ya tsaya ne kan asali. Emile Berliner, haifaffen Jamus da ya zauna a Amurka, shi ya yi rajistar ƙirƙirar garmaho a 1887. Abin da ya bambanta nasa da na'urar Edison ta farko shi ne faifan shimfiɗaɗɗe ne, ana iya yin uwa guda a buga kwafe dubbai daga jikinta. A 1898 aka kafa Gramophone Company a Landan don cin wannan kasuwa a Turai. A Landan ake ɗaukar murya, amma a Hanover ta Jamus ake buga faifan, har sai da aka aza harsashin masana'antar Hayes a wajen Landan a 1907.

Batun karen kuwa ya ɗauke mu zama guda cur, kuma ban yi nadama ba. Sunansa Nipper, ya ma riga ya mutu kafin mai zane Francis Barraud ya zana shi. A zanen farko na'urar Edison yake saurare. Da Barraud ya je kamfanin a 1899, sai aka ce za a saya in har zai shafe waccan ya zana garmaho a madadinta. Ya shafe, ya karɓi fam 100, rabi kuɗin zane rabi kuɗin haƙƙin mallaka. Sunan zanen His Master's Voice, wato muryar ubangidansa, daga nan HMV ta fito. Dattijon ƙungiyarmu ya ba mu dariya ran nan, ya ce suna yara wani yayansa ya tabbatar masa karen ne ke waƙar daga cikin akwatin, shi ya sa ya shekara yana tsoron leƙa bakin ƙahon.

A ganina darasin da ya fi amfanar mu shi ne na Fred Gaisberg, mai ɗaukar sautin kamfanin, wanda ya yi ta yawon duniya da kayan aiki a akwatuna. A 1902 ya ɗauki muryar mawaƙin Italiya Enrico Caruso a wani otal a Milan, faya-fayan da suka sa manyan mawaƙan Turai suka daina raina garmaho. A wannan shekarar dai ya isa Kalkata ta Indiya ya ɗauki mawaƙiya Gauhar Jaan. A ƙarshen waƙa takan faɗi sunanta da babbar murya, saboda ma'aikatan da za su buga faifan a can Jamus, waɗanda ba sa jin ko kalma ɗaya ta harshenta, su san sunan da za su liƙa. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A nan muka yi bayanin abin da da yawanmu ke riƙewa kullum ba tare da sanin mene ne ba. Faifan nan mai nauyi, mai juyi 78 a minti, da wani irin ƙaro ake yin sa wanda wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya, shi ya sa ba ya lanƙwasa, sai dai ya fashe kamar kasko. Kuma galibi fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Wani ɗan'uwa ya tambaya yadda makaɗin da ya saba raba dare a waƙa guda zai yi da minti uku. Amsar tana cikin faya-fayan: ka ji an shiga amshi da gaggawa, an tsallake kirari, an datse a inda ba nan mawaƙin zai tsaya ba da a dandali yake.

Daga nan tarihin ya zama na sauyin hannu. A yaƙin duniya na farko gwamnatin Jamus ta ƙwace reshen kamfanin da ke ƙasarta a matsayin dukiyar abokin gaba, reshen ya tsaya da ƙafarsa da sunan Deutsche Grammophon. Juyin juya halin Rasha ya tafi da kasuwar can. Da tattalin arzikin duniya ya karye daga 1929, ciniki ya faɗi warwas, ga rediyo yana ba mutane kiɗa kyauta. Sai a 1931 Gramophone Company ya haɗe da babban kishiyarsa Columbia Graphophone, aka sami Electric and Musical Industries, wato EMI. A shekarar aka buɗe ɗakin ɗaukar sauti na Abbey Road, kuma injiniyansu Alan Blumlein ya yi rajistar dabarar raba sauti hagu da dama wadda muke kira sitiriyo. Blumlein ya rasu a 1942 a haɗarin jirgin sama, yana gwajin na'urar radar da jiragen yaƙi ke hango ƙasa da ita.

Shekarun 1950 mun wuce su da sauri, watakila fiye da kima. Kamfanonin Amurka da EMI ke sayar da waƙoƙinsu a Turai sun janye, shi kuma ya mayar da martani da sayen kamfanin Amurka na Capitol Records a 1955. A wannan shekarar aka ba George Martin ragamar Parlophone, ƙaramin reshe da ba a ɗauke shi bakin komai ba. Shi ya ɗauki ƙungiyar mawaƙa ta Beatles a 1962 bayan kamfanin faya-fayai na Decca ya ce ba ya so.

Zaman da ya fi kowanne zafi shi ne wanda ɗan'uwanmu ma'aikacin asibiti ya gabatar. Mutane da yawa ba su yarda ba da ya ce na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ake tura marasa lafiya su yi, wadda ake kira siti sikan, a ɗakin binciken EMI aka ƙirƙiro ta. Godfrey Hounsfield ne ya yi aikin, aka fara gwada ta a kan majiyyaci a 1971, ya sami kyautar Nobel a 1979. Ana yawan cewa kuɗin Beatles ne ya haifi na'urar. Mai gabatarwa ya ja hankalinmu cewa ma'aikatar lafiya ta Biritaniya ita ma ta zuba kuɗinta, don haka a rage gishiri. Abin mamakin shi ne wannan nasarar ce ta taimaka wajen durƙusar da kamfanin. Manyan kamfanonin kayan asibiti suka shigo da ƙarfinsu, sashen ya koma asara, ga cinikin faifai ya ja baya. A ƙarshen 1979 kamfanin kayan lantarki na Thorn ya haɗiye shi, aka koma Thorn EMI.

Sauran labarin na 'yan kasuwar hannun jari ne, kuma na lura a waɗannan zaman ne kujeru suka fi zama wayam. A 1992 aka sayi Virgin Records daga hannun Richard Branson a kan kusan dala biliyan 1. A 1996 aka raba auren da Thorn. Sai intanet ta zo, mutane suka koma kwasar waƙa ba ko sisi, cinikin faifan sidi ya dinga zagwanyewa. Yunƙurin haɗewa da kamfanin waƙoƙi na Warner a 2000 ya ci tura a gaban hukumar Tarayyar Turai. A 2007 kamfanin zuba jari na Terra Firma, ƙarƙashin Guy Hands, ya sayi EMI a kan fam biliyan 4.2, akasarin kuɗin bashi ne daga bankin Citigroup, ana dab da rikicin kuɗi na duniya. Aka sanar da rage ma'aikata har kusan 2,000, manyan mawaƙa irin su Rolling Stones suka kama gabansu. Da bashi ya gagara biya, bankin ya karɓe kamfanin a Fabrairun 2011, ya yanka shi biyu: sashen faya-fayai ya tafi ga kamfanin waƙoƙi na Universal a kan fam biliyan 1.2, sashen haƙƙin rubutattun waƙoƙi ya tafi ga wata gamayya da Sony ke jagoranta a kan dala biliyan 2.2. Hukumomin Turai suka tilasta wa Universal sakin Parlophone, Warner ya saye shi a 2013 a kan fam miliyan 487, amma Beatles da Abbey Road suka zauna wajen Universal. Wani abin da ya burge ni: Deutsche Grammophon ɗin nan da yaƙi ya raba da uwarsa, shi ma a gidan Universal yake, wato bayan kusan shekara ɗari uwa da ɗa sun sake haɗuwa a gidan wani. Sunan EMI Records yana nan, an farfaɗo da shi a 2020, amma reshe ne a cikin Universal.

Mai gabatar da wannan kashi ya nuna mana abu guda da ya sauya alƙiblar aikinmu. A duk cinikin nan na biliyoyi, ba masana'anta ake saye ba. Rumbun tsofaffin waƙoƙi ake saye, da takardun da ke nuna wa ya yi su, yaushe, kuma wa ke da haƙƙi. Kamfanin ya adana littattafan ɗaukar sautinsa tun zamanin Gaisberg, har yau akwai gidauniyar da ke kula da su a Hayes.

To, mu ina muka shigo? Ta ƙofa uku. A ƙarshen shekarun 1920 reshen kamfanin mai suna Zonophone ya ɗauki 'yan Afirka ta Yamma mazauna Ingila suna waƙa da harsunansu, har da Hausa, don a sayar a nan gida. Ta biyu ita ce Indiya: reshen can, wanda tun 2000 ake kira Saregama, shi ya buga ɗimbin waƙoƙin finafinan da iyayenmu suka haddace a gidajen silima, shi ya sa faya-fayan Indiya masu kare suka cika akwatunanmu. Ta uku Legas, inda EMI ya yi reshe da ɗakin ɗaukar sauti. Fela ya yi aiki da su, Paul McCartney, tsohon ɗan Beatles, ya zo can ya yi faifai a 1973, kuma faya-fayan Alhaji Mamman Shata masu tambarin EMI da muke taƙama da su ta nan suka fito. Bayan dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa na 1972 da 1977, hannun Turawa ya yi ta raguwa, daga baya reshen ya koma Ivory Music.

Wannan ne ya kai mu ga aikin da na fi alfahari da shi bana, wato rajista. Mun sayi babban littafi mai layi, muka fara shigar da kowane faifai: sunan mawaƙi yadda aka rubuta shi ko da an yi kuskure, tambarin kamfani, lambar da ke jikin takarda, da wata ƙaramar lamba da aka karce a jikin faifan kansa, tsakanin ƙarshen zaren waƙa da takardar tsakiya. Ba ka ganinta sai ka karkata faifan ga hasken taga. Ita ce lambar uwar da aka buga shi daga gare ta, kuma ita kaɗai ke saura idan gara ko damshi sun cinye takarda. A nan muka tuna da Gauhar Jaan. Muna da faya-fayan Hausa da takardarsu ta goge sarai, ba wanda ya faɗi sunansa a ƙarshe, sai dai mu kunna wa dattawa su yi ta musu kan murya. Biyu daga ciki Hajiya uwar ƙungiya ce ta gane su, tun kafin a gama kiɗan buɗewa. Allah Ya ƙara mata lafiya. Matasanmu sun fara kwafe littafin a kwamfuta, sun kai wajen rabi.

Ba duka ne ya tafi daidai ba. Garmahon ƙungiya ya yi wata biyu a kwance bayan zaren ƙarfen da ke cikinsa ya tsinke ana tsakar wana shi. Mai gyaran da muka fara kai wa ya riƙe shi, kullum gobe, daga ƙarshe muka karɓo shi a kwance cikin leda, sai wani mai gyaran agogo ya tayar da shi. Allura ma ta yi mana wuya, kuma ina sake roƙo: allurar ƙarfe fuska ɗaya take yi a jefar, wanda ya maimaita ta faifansa yake nomewa. Asarar da ta fi ci mini rai kuwa laifina ce. Na ɗauko faya-fayai uku a kwance cikin jaka a bayan babur, muka faɗa rami, na ƙasan ya rabe biyu. Na mai shi ne, ba na ƙungiya ba, ya kuma yafe, amma tun daga ranar aka kafa doka: faifai a tsaye yake tafiya, da kwali tsakanin kowane biyu.

Ziyarar da muka shirya kai wa ɗakin adana sauti na gidan rediyo ba ta yiwu ba, an ɗaga ta zuwa baɗi. Haka ma maganar naɗar faya-fayan zuwa kwamfuta. Kwamiti ya amince a naɗa don adanawa da sauraro a zamanmu, amma ba za a ɗora komai a intanet da sunan ƙungiya ba sai mun rubuta wa masu haƙƙi da iyalan mawaƙan. An ɗora mini rubuta wasiƙun, na kuma fara.

Baɗi in Allah Ya kai mu, kwamiti na ba da shawarar a ɗauki Decca, tunda shi ne na biyu a yawa a akwatunanmu, a kuma kammala rajista kafin damina ta kankama. Duk wanda ke da faifan da ba a shigar ba ya zo da shi ranar babban taro, a tsaye, cikin kwali. Masu bashin kuɗin wata kuma su ga ma'aji kafin a zauna.

Wassalam.

Sakataren ƙungiya